Ranar da Aka Karya Dokar Yaya Safiatu

Duk mai jin Hausa da ya zauna a unguwar Parkchester ta birnin New York a shekarun nan ya ci abincin Yaya Safiatu, ko ya yarda ko ya musa. Ni Halimatu, 'yar Kano, a hawa na huɗu nake, ita a na biyar, daidai saman kaina. Daga takunta kawai nake gane ranar da ta tashi da faɗa.

'Yar Zangon Kumasi ce, a ƙasar Gana. Ta sauka New York a 1987, shekarunta talatin da takwas, aure biyu a bayanta, ba haihuwa. Mijin farko shi ya sake ta, na biyun kuwa ita ta sa shi gaba sai da ya sake ta. Aikinta kula da tsofaffi a gidajensu: wanka, magani, girki, da sauraron labarin da aka riga aka ba ta jiya da shekaranjiya. Ba ta raina aikin ba ko sau ɗaya, kuma ba ta bari wani ya raina shi a gabanta ba.

A gidan wata tsohuwa baƙar fata mai suna Misis Odessa, can unguwar Harlem, ta fara ganin bikin Thanksgiving, wato Alhamis ɗin nan ta ƙarshen Nuwamba da Amurkawa ke taruwa a kan talotalo. Abu biyu ta gani. Na farko ya burge ta: tsohuwar ta sa an kira duk wani maƙwabci da ba shi da kowa, har da mai share ginin, aka zaunar da su a tebur ɗaya da jikokinta. Na biyu kuwa ya ɓata mata rai. Kowane baƙo da kwanon abincinsa ya shigo.

"Halimatu, baƙo da tukunya!" ta ce mini da ta dawo, tana cire takalmi a ƙofata. "Wannan ai zagi ne. Kana faɗa wa mai gida ba zai iya ciyar da kai ba kenan."

Shekara ta zagayo, sai ta buɗe tata ƙofar. Ta ɗauki rabin al'adar da ya yi mata, ta zubar da rabin. Direbobin tasi, masu tebur a titin 125, ɗalibai, gwauraye da matansu ke gida Afirka, kowa ya zo. Talotalon ma ba a gasa shi ɗungurungum yadda Amurkawa ke yi. Daddatsa shi take, ta soya, ta barbaɗe shi da yaji, ga tuwo ga wake da shinkafa irin na mutanen Gana. Doka ɗaya ce: kada wanda ya shigo da ko ƙwayar shinkafa. Wani yaron kirki ya taɓa zuwa da kek, ta mayar da shi har bakin lifta, ta ce ya kai wa wanda yake jin yunwa.

A 1993 ta kira ni sama ta ce za ta ɗauki 'ya.

Na zaci a Kumasi take nufi, cikin 'ya'yan dangi, tunda riƙo ba sabon abu ba ne a wurinmu. Ta ce a'a, a nan. A lokacin akwai jarirai a asibitocin birnin da ke kwance wata da watanni ba mai ɗaukarsu, hukuma na neman masu riƙo, ko da macen ba ta da miji. Ashe ta daɗe tana zuwa horo da tambayoyi, ba wanda ta faɗa wa. Na ce, "Yaya, shekara arba'in da huɗu fa, ke kaɗai?" Ta ce, "Shi ya sa. Na jira miji ya kawo mini ɗa, na jira na biyu. Yanzu me zan jira?"

A watan Satumba ta shigo da yarinyar a goye cikin zanen atamfa, 'yar wata uku, uwarta ta rasu, ba a samu dangin da zai karɓe ta ba. Ta kira ta Yusra. Ranar na yi kuka, ita kuwa ta ce in daina jiƙa mata zani.

Gari ya ɗauka. Wasu suka ce mace ba miji, ga goyo, wa zai tsaya yi wa kowa bayani? Wasu suka ce ba a san asalin yarinyar ba, kamar su an taɓa tambayarsu nasu a filin jirgi. Malam Gariba, dattijon mutanen Zango a unguwar, ya hau bene da kansa. Mutumin kirki ne, sai dai yana ganin aure maganin komai, har ciwon haƙori.

"Ƙanwata, riƙon maraya lada ne babba," in ji shi. "Amma ki yi aure tukuna, yarinya ta tashi a inuwar namiji. Ga Abukari mai tasi, na yi masa magana."

"Malam, na gode," ta ce. "Abukari ya riƙe tasinsa. Ni yaro na nema, ban nemi miji ba."

Daga nan ƙafa ta ɗauke. Babu wanda ya zage ta a ido, amma babu wanda ya hawo ya ce barka. Mutanen da suka sha lashe mata tukunya sai su gaishe ta a tashar jirgin ƙasa suna kallon gefe, kamar abin da ke bayanta kayan wanki ne. Wannan ya ci mata rai fiye da zagi, ko da yake ba ta taɓa faɗa ba.

Kuma akwai abin da ya fi ciwon rai. Ba a bar mata Yusra gaba ɗaya ba tukuna. Wata jami'ar hukuma, Mis Delgado, tana zuwa duba su, kuma ta yi tambayar da ke bakin duk mai hankali: in Safiatu ta kwanta ciwo, wa yarinyar take da shi? Ina danginta? Yaya Safiatu ta ɗaga kai ta ce, "Ki zo ranar Thanksgiving ki gani da idonki."

Na ji kamar in toshe mata baki.

Ranar ta zo. Da yarinya a hannu, ga rashin barci, abin da ta iya girkawa bai kai rabin na kullum ba. Mis Delgado ta iso ƙarfe biyu cif, kamar yadda aka ce mata, baiwar Allah ba ta san ƙarfe biyunmu ba. Muka zauna mu uku da jaririya, ga kujerun aro jere a falo ba kowa a kai. Aka yi la'asar. Tuwo ya yi sanyi. Jami'ar ta fara duba agogo a sace. Yaya Safiatu ta gyara wa Yusra hula, ta sake gyarawa, ta sake. Ni kuwa ina tsine wa kowa a zuciyata, sunansu ɗaya bayan ɗaya.

Rana na shirin faɗuwa aka danna ƙararrawa.

Yaya Safiatu ta buɗe. Inna A'i ce a gaba, wata dattijuwa 'yar Maraɗi mai sayar da turare a titin 125, rungume da ƙaton flas. Bayanta mata da samira, da tukwane naɗe da tawul. Bayansu maza, har kan matakala, kowa da abin da ya ɗauko. Abukari da cinyar rago a kafaɗa. Malam Gariba ma, da hularsa da komai, yana riƙe da tiren waina kamar an ɗora masa hukunci.

Na ga wuyan Yaya Safiatu ya miƙe. Ta tare ƙofa da hannu ɗaya.

"Mene ne wannan? A gidana? Kun manta doka ne, ko kun zo ku nuna wa baƙuwa ba na iya ciyar da ku?"

Inna A'i ba ta ko kalli hannun ba. Ta ture shi ta shige.

"Ke, matsa. A garinku mai jego tana girki? Zauna nan."

Ta buɗe flas ɗin, ƙamshi ya cika falon. Kunun kanwa ne, mai zafi, irin wanda ake dama wa macen da ta haihu. Ta zuba a kofi ta miƙa mata. Ashe Inna A'i ce ta bi su gida gida tana tambayarsu ko kunya ta ƙare a duniya. Ni aka ɓoye mini, wai bakina ba ya riƙe magana. Sharri ne, amma na yafe.

Malam Gariba ya ajiye tiren, ya miƙa hannu aka ba shi Yusra. Ya yi mata addu'a a ka, sannan ya dubi Safiatu ya ce, "Barka, ƙanwata. Mun makara. Allah ya raya mana ita."

"Barka da arziki," falon ya amsa. "Allah ya raya."

Mis Delgado ta raɗa mini da Turanci, wai su wane ne waɗannan duka? Na ce mata kawunnan yarinyar ne da gwaggonninta, kuma waɗannan waɗanda suka samu wurin tsayawa ne kawai. Ban taɓa faɗin magana da ƙirjina a buɗe kamar ranar ba.

Yaya Safiatu na zaune riƙe da kofin da hannu biyu. Tun tana amarya take dama wa wasu matan kunun nan, a Kumasi da nan, ba a taɓa dama mata ba. Ta kai bakinta, hawaye na gangarowa cikin kofin.

"Kanwa ta yi yawa," ta ce.

Ta shanye tas, ta miƙa wa Inna A'i kofin a ƙaro mata.