Shirun da Habboba Aminat Ta Yi Mini

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Ranar Talata, tara ga watan Disamba, Allah Ya karɓi ran kakata ta wajen uwa, Habboba Aminat, a asibitin Dinder, bayan la'asar. Ni Widad, jikarta, nake rubuta wannan, kuma wallahi ba da sakakkiyar zuciya nake rubutawa ba.

Habboba, duk ƙauyen nan an san ki da murya. In kika kira akuya daga bakin kogi, sai ta ƙarshen gari ta ɗaga kai. Babu bikin da aka yi ba da guɗarki ba. In kina dakan gahawar da za ki dafa a jabana, 'yar butarki ta yumɓu, da safe, har waƙa kike yi wa turmin. Mu jikoki mukan tsokane ki da cewa ko masallaci ya rasa lasifika ba zai yi asara ba muddin kina raye, ke kuma ki bi mu da muciya.

Da yaƙi ya rufe jami'armu na dawo gida da shekara biyu a gabana, na ɗauka karatu ya ƙare ke nan. Sai aka ce za a ci gaba da darussa ta intanet. To, amma shabaka, wato layin waya, ba ta kamawa ko'ina a ƙauyen sai a rakubarki, rumfar nan da ke kan tudu a ƙarshen gari. Na zo da wayata ina jin nauyin roƙonki. Ba ki bari na gama magana ba kika janye angarebunki, gadon igiyar da kike kishingiɗa a kai, kika ce, "To ga jami'a nan, ɗiyata, shiga."

Tun daga ranar kika zama mai gadin ƙofa. In malami ya fara magana a waya, kaji ma sun san ba su da wurin zama. Kika mayar da dakan gahawarki can nesa da rakubar. Ƙawayenki da suka saba zuwa hira kika koya musu sallama da hannu. Ba ki san baƙi ko ɗaya na boko ba, amma kin san muryar kowane malami, har akwai wanda kika sa wa suna Mai Mura. Kina kawo mini kisra, wainar dawarmu, da miya ki ajiye a gefena kamar mai ajiye ƙwai. Kin sha gaya mini cewa ranar da shahada, wato takardar kammala karatu, ta fito za ki yi guɗar da za a ji a Sinnar, ki rama duk shirun da na sa ki.

Da imtihanin ƙarshe, wato jarrabawa, ya matso, aka sanar da mu cewa za a bar kyamara a buɗe, kuma duk wanda aka ji wata murya kusa da shi za a soke takardarsa. Tsoro ya kama ni. Na maimaita miki wannan magana har ta gundure ki. Da safiyar Talatar nan ma, ranar imtihanin, sai da na sake cewa, "Habboba, ko mene ne ya faru, kada ki kira ni." Kika ce, "Na ji, malama." Na ga ba ki taɓa gahawarki ba, na ga kina dafa ƙirji, amma hankalina yana kan waya. Na toshe kunnuwana da abin sauraro na zauna.

Da na gama na shiga ɗakinki da murnata, sai na same ki a ƙasa kusa da ƙofa, kin jiƙe da gumi, kin cusa gefen mayafinki a baki kin cije. Tsakanina da ke bango ɗaya ne na laka. Da na zare mayafin, abin da kika fara tambaya shi ne, "Kin ƙare? Ba su ji ni ba ko?"

Kawu Salih ya ɗauko amalanken jaki muka kai ki bakin hanya, daga nan mota ta kai mu Dinder. Na tambayi likita ko da an kawo ki da wuri da kin tashi. Ya ce rai na Allah ne. Na sani, na kuma yi imani da haka. Mahaifiyata ta ce kwananki ne ya ƙare, Kawu Salih ya ce in daina azabtar da kaina. Duk gaskiya suka faɗa. Amma ni ce na ce kada ki kira ni, ke kuma da ba ki taɓa yi wa kowa shiru ba, kika yi mini. Wannan nauyin ban san inda zan sauke shi ba.

Sakamako ya fito makon jiya, Habboba. Na ci. A rakubarki saƙon ya same ni, don har yanzu nan kaɗai shabaka take kamawa. Na karanta, na juya in gaya miki, sai na ga turminki a kife. Babu wanda ya yi guɗa, ni ma ban nemi a yi ba.

Ki yafe mini. Ya Allah Ka ji ƙan baiwarKa Aminat, Ka gafarta mata, Ka yalwata kabarinta, Ka sa ciwon da ta haɗiye ya zama kaffara gare ta, Ka ba ta Aljanna Firdausi. Ina miƙa ta'aziyya ga mahaifiyata, da Kawu Salih, da ƙanwata Malak, da ƙawayenta na hira, da dukan mutanen ƙauyenmu. Allah Ya ba mu haƙurin rashinta.

Wanda duk zai zo mana gaisuwa, don Allah ya yi sallama da ƙarfi tun daga ƙofa. Imtihani ya ƙare, gidan nan ya gaji da shiru.