Ungozoma da Farantin Ƙarfe

Nasiha ta zo awon ciki Tambuwal, sai ta tarar da taro a ƙofar asibiti. Ma'aikatan lafiya ne suka ce ba su yarda a buɗe wurin fasa dutse bayan katangarsu ba. Amma ita idonta na kan wata dattijuwa da ba ta taɓa gani ba, siririya, farar rigar aikinta duk ta koɗe. A aljihunta akwai ɗan ƙahon ƙarfen nan da ungozoma ke karawa a ciki don jin bugun zuciyar jariri. Kanta a karkace yake, kamar mai sauraren wani abu. Nasiha na zaton daga ƙauyukan Kebbe ta fito, inda babu na'ura sai kunne.

Wakilin kamfanin fasa dutsen yana ta lallashi, wai ƙarar nakiya ba ta wuce ƙiftawar ido. Dattijuwar ta matso a natse, ta ɗaga farantin ƙarfe na kayan aiki, ta maka shi kan siminti dab da ƙafarsa.

Wuri ya kaure da salati. Nasiha ta dafe ƙirji. Ga bakin matar yana motsi, amma ba wanda ya ji.

Sai ta ɗaga murya: "Mi nic ce, ɗana?"

"Wallahi Inna ban jiya ba, kunnena ya doɗe!"

"To da irin kunnen ga kaka so in biɗi zuciyar ɗan da ke ciki?"

Hannun Nasiha ya sauko daga ƙirji zuwa cikinta. Ɗan sai shure-shure yake yi.