Randar Ruwan Sama

"Kifin da ba ya shiga miya, ina amfaninsa?" Abin da na ce wa maigidana ke nan ranar da ya shigo gidanmu na Gyaɗi-Gyaɗi rungume da akwatin gilashi. Wani maƙwabcinmu ɗan Kudu da zai koma garinsu ne ya bar masa. Kifaye shida ne a ciki, kowanne bai kai rabin ɗan yatsa ba, da layi shuɗi mai ƙyalli a gefe, wajen wutsiya kuma ja wur. Wai 'yan Kudancin Amurka ne. Na ce lallai mun yi baƙin nesa, sai a yi musu shimfiɗa.

Shi mai gyaran adaidaita sahu ne, amma in ya tsuguna gaban gilashin nan sai ka rantse likita ne. "Zo ki gani," yakan ce. "Mai tumbin nan ita ce macen, dubi layinta ya ɗan karkace."

Burinsa ɗaya, su hayayyafa. Ruwan rijiyarmu kuwa zartsi ne, ƙwansu ba ya ƙyanƙyashewa a ciki, sai a ruwan sama. Ya tari ruwan ƙarshen damina a randa, ya rufe, yana jiran macen ta ƙosa. Ni kuwa abin da na sani, ruwan sama ya fi kowanne kumfar sabulu. Na kwashe shi tas na wanke masa fararen kayan Juma'a, har ina jiran a yaba.

Ya daɗe yana leƙen randar. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Cewa kawai ya yi, "Ba komai, Allah ya kai mu baɗi."

Bai kai ba. Da hunturu ciwon kwana uku ya ɗauke shi.

Bayan takaba na koma gidan yayana a Tarauni, da akwatin a cinyata. Da damina ta faɗi na bar ruwan farko ya wanke kwanon rufi, na tari na biyu, yadda ya saba. Na kwashe sauran kifayen, na bar mace da namiji a gilashin cikin ruwan saman. Da suka zuba ƙwai na kwashe iyayen, don sukan cinye abinsu. Na lulluɓe gilashin da baƙin zane, saboda haske yana kashe ƙwan.

Ran kwana na biyar da hantsi na ɗaga zanen. Ga 'ya'yan kifin nan, mitsi-mitsi kamar tsinin allura, suna motsi. Kewarsa ba ta taɓa kama ni irin ta ranar ba, domin sai da na juya na ce, "Malam, zo ka gani," sannan na tuna.