Sallamar Shaame a Gefen Jirgin Ngwali

Ngwali Pandu ya shekara talatin da ɗaya yana ɗaure jirginsa a jikin dakalin tashar Wete, a tsibirinmu na Pemba. Dakalin gajere ne, jiragen dako kuwa sun yi masa yawa, saboda haka jera su ake yi kafaɗa da kafaɗa: na farko a jikin dakali, na biyu a jikin na farko, haka har biyar. Wanda ke can waje in zai taka ƙasa, dole ya bi ta kan jiragen mutane ɗaya bayan ɗaya. Na Ngwali ne na farko, kowa ta kansa yake bi.

Bi ta kan jirgin wani kuwa yana da ladabinsa. Takalmi a hannu. Ka tsaya a gefe ka yi sallama, sai an amsa ka ɗaga ƙafa. Sannan ta goshin jirgi ake wucewa, ba ta baya ba, domin baya nan ne ɗakin mai jirgi, nan yake ci, nan yake salla, nan matarsa ke zama in ta kawo abinci. Kowa ya san wannan, amma Ngwali shi ya ɗauke shi kamar don shi aka yi. Tun yana ɗan shekara goma sha biyu ubansa ya mare shi a kan haka, bai manta ba, bai kuma bar kowa ya manta ba. Mutum ne mai gaskiya, wannan ba a ƙwace masa. Kanumfarin da ka ba shi ya kai tsibirin Unguja, ko ƙwaya ɗaya ba za ta yi ciwon kai ba. Sai dai taurin kai, wayyo! Ko matarsa Mwatima ta gaji da magana.

Shaame ƙanen Mwatima ne, jirginsa ne na huɗu a layin. Mutum mai barkwanci, mai gaggawa, kullum kamar ana binsa. Wata rana yana sauri kada motar kasuwa ta tashi, ya faɗo jirgin Ngwali ba sallama, da silifas a ƙafa duk ƙarnin kifi, ya bi ta baya, ya tsallake farantin rogo da madarar kwakwa da Ngwali ke ci da baƙinsa, ya taka sallaya.

"Kai Shaame! Gidan ubanka ne nan?"

"Haba Yaya, jirgin yayata ne ai, rabi nawa ne!" Ya faɗa yana dariya, ya yi gaba.

Dariyar ce ta ɓata komai, don baƙin ma sun dara. Ngwali ya miƙe a gaban jama'a ya rantse da Allah Shaame ba zai sake bi ta jirginsa ba sai ya zo ya ba da haƙuri. Shaame ya ce shi bai ga abin ba da haƙuri a wasa da mijin yayarsa ba.

Shekara shida ana haka. Shaame ya sayi ɗan kwale-kwale yana zagayawa da shi zuwa gaɓa. In ruwan teku ya janye, laka ta fito, sai ya zauna a jirginsa ya jira, ko da sa'a huɗu ne. Mwatima ta yi kuka, limami ya sa baki, a banza. Ni dai na ga sakarcin manya iri-iri a tashar nan, amma ban ga wanda ya kai wannan ba.

Ranar wata Talata bayan azahar, ruwa ya janye ƙaf, jiragen duk sun zauna a kan laka. Ana sauke buhunan siminti daga jirgin Shaame sai igiya ta tsinke, ƙugiyar ƙarfe ta dawo ta yage masa cinya. Jini kamar an buɗe famfo. Ma'aikatansa suka ɗaure wurin da zane, suka ɗora shi a kan katako. Kwale-kwale ba shi da amfani a laka, hanya ɗaya ce. Suka tsallake jirgi na uku, suka tsallake na biyu, masu jiragen na ta ihu a wuce a wuce. Da suka iso gefen jirgin Ngwali, Shaame ya ɗaga hannu.

"Ku tsaya."

Khatibu, babban ma'aikacinsa, ya ce, "Maigida, tsayuwar me? Jininka zai ƙare!"

"Ba na shiga jirgin mutum ba izini. Sau ɗaya na yi, ya ishe ni." Ya juya kai ya ce, "Salamu alaikum, Yaya."

Ngwali na zaune a baya yana ɗinkin ƙyallen da iska ke tura jirgi da shi, ya ba su baya. Ya ji hayaniyar, ya ji an ce Shaame ya ji ciwo, amma a tashar nan kullum wani na jin ciwo. Ya kuma gane muryar sarai. Shekara shida yana jiran muryar nan, kuma Allah ya sani kewar Shaame ta daɗe tana cin sa. Amma sallama ya ji, bai ji haƙuri ba. Ya ce a ransa, bari ya ƙarasa maganar tukuna. Ya ci gaba da soka allura.

"Salamu alaikum," Shaame ya sake cewa.

"Baba Ngwali, don girman Allah ka juyo!" in ji Khatibu.

"Mai magana yana da baki, Khatibu. Ba kai ka taka mini sallaya ba."

Ba wanda ya yi ƙarfin halin tsallakawa, mai jirgi bai amsa ba, mai rauni kuma ya hana. Mutum goma sha wani abu suna tsaye suna kallon jini na ɗiga tsakanin jirage biyu.

Sallama ta ukun da ƙyar ta fito, kamar mai magana cikin barci. Wannan ce ta sa Ngwali ya juya. Da ya ga zanen ya jiƙe sharkaf, ya ga leɓen Shaame ya yi fari, sai ya watsar da allurar ya ruga.

"Wa alaikumus salam! Ku wuce! Ku bi ta baya, ta nan ya fi kusa, ku wuce mana!"

Da hannunsa ya kama katakon. Ya yi ta kiran sunansa har dakali, Shaame bai amsa ba. Kafin motar da aka tsayar ta kai asibiti rai ya yi halinsa. Likita ya ce jini ne ya ƙare. Ko da an wuce da shi nan take zai rayu? Wannan Allah kaɗai ya sani, Ngwali kuma ba shi da wanda zai tambaya.

Bayan an share makoki, Mwatima ta same shi a tsakar gida. Ba ta yi kuka ba, ba ta ɗaga murya ba.

"An ce ƙanena ya yi maka sallama sau uku. Gaskiya ne?"

"Gaskiya ne."

"Ka amsa?"

"Na amsa, Mwatima. Wallahi na amsa."

"Ya ji?"

Ngwali ya buɗe baki. Mutumin da bai taɓa yi mata ƙarya ba a shekara arba'in, ranar ya so ya yi, ya kasa.

"Bai ji ba," ya ce.