Jar Motar Sani Dogo da Ƙafata

Ranar da aka turo motar Sani Dogo ƙofar maƙerar babana a Kaoje, sati biyu ke nan da bikin samun 'yancin kai, ƙananan tutocin da aka raba wa yara ma ba su gama yagewa ba. Shekarata tara a lokacin. Dawowata ke nan daga fadama, inda na wuni ina korar tsuntsaye daga shinkafarmu har muryata ta dishe, sai na tarar da mutane sun yi cincirindo. Jar mota ce ƙirar Faransa, gabanta ya durƙushe, tayar hagu ta karkace. An ce wani Bature ne yake tsere da ita a Dahome, da zai koma ƙasarsu ya sayar. Sani, ɗan babban attajirin garinmu, shi ya tsallako da ita iyaka, amma ramukan hanyarmu suka karya ta tun ba ta shigo gari ba.

Babana maƙeri ne, sai dai ya taɓa zama da makanikai a can tsallaken iyaka, ya san cikin mota. Kwana goma sha ɗaya ya yi a kanta. Ya kwance sifirin ɗin gaba, ya ƙara masa falle biyu da ya ciro daga wata matacciyar babbar mota, ya gasa su, ya daka a uwar maƙera, ya tsoma a mai. Sandunan sitiyari da suka lanƙwashe ya jefar, ya ƙera masu kauri. Robobin da suka cinye kuwa ya yanko sababbi daga tsohuwar taya. Ga girbi ya kawo kai, laujen manoma sun taru a gefe suna jira, Inna tana ta mita a tsakar gida, shi ko a jikinsa. Abin da yake cewa kawai shi ne, "Duk abin da mutum zai ɗora ransa a kai, ba ni yi mashi aikin gaggawa."

Da ya gama ya ce wa Sani, "Ga ta nan ta miƙe. Amma cikin gari ka bi a hankali, akwai ɗiyan mutane." Sani ya yi dariya ya ja motarsa. Da can ramuka ke tsare shi, yanzu ba abin da ke tsare shi. Ya take kaji, ya watsar da shanyar shinkafa, ya firgita shanun Fulani a mashaya. Mutane na zagin sa a ɓoye, suna yabon aikin babana a fili, ni kuwa har taƙama nake yi wa ƙawayena.

Wata safiya mun taso daga makarantar allo, muka ajiye allunanmu a gindin tsamiya muka kafa gaɗa a gefen hanya. Ni ce a tsakiya, ina faɗawa baya suna taro ni. Motar ta karyo kwana ba ko oda. Na ji ƙara, na gan ni a ƙasa, cinyata ta dama ta juya inda ba ta saba juyawa ba. Sani ya tsaya, ya fito. Abin da ya yi daga nan shi ne har yau in na tuna nake jin zuciyata na tafasa. Bai kalle ni ba. Gaban motar ya zagaya, ya durƙusa, ya kama taya ya jijjiga, ya leƙa ƙasa, sannan ya miƙe ya ce wa wani abokinsa da ke cikin motar, "Ba abin da ta yi." Motar yake nufi.

Maɗori ya ja ƙafar ya ɗaure da karare. Kwana arba'in ina kwance a ɗakin Inna, ina jiyo tafin 'yan'uwana da yamma, ina jiyo ƙarar motar tana wucewa kamar kullum. Daga gidansu Sani aka aiko da goro da turmin atamfa, shi bai tako ba. Dattawa suka yi ta zuwa suna cewa ƙaddara ce, a yi haƙuri, ba a ja da babban gida. Da aka kwance ɗorin, ƙafar ta fito gajera.

Ranar babana ya shigo ya zauna bakin gadona, ya miƙo mani kifin da ya gasa da hannunsa. Na ture. Na ce, "Baba, kai ka gyara mata ƙafa ta karya tawa." Inna ta ɗaga hannu za ta mare ni, ya hana ta. Ya miƙe. Ya fita, ya ɗauki jak da sifanoni, ya nufi kasuwa da rana tsaka inda motar take ajiye. A gaban kowa ya ɗaga ta, ya jera mata duwatsu, ya kwance sifirin da sandunan sitiyari ɗaya bayan ɗaya. Sani ya zo yana ihu yana kiran ubansa. Babana ya ɗora ƙarafunan a kafaɗa ya ce, "Hannuna ya yi su. Kai ƙarata inda ka ga dama." Gidansu Sani da duk masu cin arzikinsu suka janye aikinsu daga maƙerarmu, shekarar nan mun sha kunu ba tsamiya. Motar kuwa a kan duwatsun nan ta tsufa, har kaji suka riƙa ƙwai a cikinta.

Yau motoci na wucewa ta ƙofar gidana zuwa iyaka kamar ana korar su. Jikana ma makanike ne, daga kwali yake ciro kayan gaba ya ɗaura cikin awa guda, bai taɓa tambayar wa zai riƙe sitiyarin ba. In sanyi ya shigo cinyar tana sara na, sai in zauna ina tuna ƙarar masabar babana da hantsi. Sani ya daɗe da rasuwa, kuma ban yafe masa ba. Babana ne dai ya tafi ban roƙe shi gafarar waccan magana ba.