Birkin da Laoban ya taka kafin layi

Abubuwa da yawa na zamana a Guangzhou sun fara shuɗe mini, amma ranar da na ga mutum ya taka birki yana gab da cin tsere tana nan daram a raina, kuma ba na jin za ta gushe.

Lokacin ina sarin wandunan jins a Xintang da ke gefen birnin, wajen wani mai masana'anta da muke kira Laoban, wato maigida. Mutum ne mai fara'a, in na je shi da kansa yake zuba mini shayi. Wata Lahadi ya matsa sai na raka shi filin tseren motoci a bayan gari, ni da ko a tasi nake riƙe kujera ina salati. Na tafi da wani ɗalibi ɗan Damagaram da ke yi mini tafinta.

Hanyar tseren miƙaƙƙiya ce, gajera, motoci biyu-biyu suke tashi. Na ga ana ɗora kowace mota a sikeli, wasu har ana ɗaure musu faifan ƙarfe a ƙarƙashin kujera. Ɗalibin ya ce shugabannin wasan suna rubuta wa kowane inji ƙarfinsa, mai ƙarfi da yawa dole ya ɗauki nauyi da yawa, don kada mai babban inji ya riƙa cinye kowa. Wannan ya burge ni.

Da aka zo kan Laoban, motarsa ta fita kamar harsashi. Amma yana kusa da layin ƙarshe sai na ga jar fitilar bayansa ta kama. Ya ci, sai dai da ƙyar. Na san a harkar caca ne ake rage gudu da gangan. Na shiga tunanin shekarun da na yi ina ciyar da iyalina daga cinikin mutumin nan. In yana maguɗi a wasa, me yake yi da yadi? Na ƙudurta in haka ne, na bar sari a wajensa.

Na ce wa ɗalibin ya tambaye shi ko caca suke yi. Ya ce, "Alhaji, wannan tambaya ai mai ɓata ciniki ce." Na ce ya dai tambaya.

Laoban ya yi dariya har da riƙe ciki, yana cewa meiyo, meiyo, wato babu. Ya nuna mini wani tsoho mai furfura yana goge wata mota da ta sha jiki. Ya ce tsohon ne ya koya masa yankan yadi, kuma injin motocinsu iri ɗaya ne. In shi Laoban ya yi gudun da ya wuce kima, za a ɗaga ƙarfin da aka rubuta wa injin, a ƙara ƙarfe ga duk mai irinsa. Shi zai iya ɗauka, amma motar tsohon ba za ta sake wuce kowa ba, ƙarshenta ya daina zuwa.

Hankalina bai gama kwanciya ba, na ce to wannan ba yaudarar shugabannin ba ce? Ya ce sun ga fitilar kamar yadda na gani, doka ta ce ka riga isa, ba ta ce da tazara nawa ba.

Muna cikin haka tsohon ya iso yana yi wa Laoban faɗa. Ɗalibin ya fassara yana dariya: "Ya ce wa ya roƙe ka tausayi? Mako mai zuwa hayaƙina za ka sha."

Na ci gaba da sari a wajen Laoban har ƙafa ta hana ni tafiye-tafiye. Yanzu daga Kano nakan tuna su biyun suna musu a bakin motar nan. Abin da na koya shi ne, mutumin da zai iya rage gudu don kada a ɗora wa na bayansa nauyi, shi ne za ka bar wa kayanka ka yi barci.