Agogon Ƙarfe a Hanyar Kucheri

Shekarar da aka ba ni keken aiki, ina ƙaramin ma'aikacin lafiya a Tsafe, babbanmu ya ce in nemi agogo. Ni ke kai allurar rigakafi ƙauyuka cikin akwatin ƙanƙara, kuma a zafin bazara ƙanƙarar ba ta wuce azahar. In ta narke, maganin ya tashi aiki.

Na tafi kasuwar Gusau wurin wani dattijo mutumin Bunguɗu mai sayar da agogo. Ya ajiye mini biyu: baƙi na roba mai batir, da na ƙarfe wanda ake yi wa wani da hannu, yana ta walƙiya.

"Malam, in keke kaka hawa, ɗauki na roba," in ji shi. "Na ƙarfen nan ba ya son jijjiga."

Haba! Ni da ake kira malamin asibiti, in shiga ƙauye da agogon 'yan makaranta? Na ce, "Baba, ba ni na ƙarfen kawai." Ya ɗaura mini.

Ba a jima ba kyanda ta ɓarke a wani ƙauye gaba da Kucheri, inda ƙanwata ke aure. Tana goyon ɗanta na fari, kuma ba a yi masa allura ba. Na kama hanya da hantsi, akwati ɗaure a bayan keke. Da na sauka daga kwalta, hanya ta zama ramuka da tsakuwa, har haƙorana na haɗuwa. Can kuma taya ta yi faci.

Na duba agogo, sha ɗaya saura. Na ce da sauran lokaci. Na ja keken gindin wata tsamiya, na yi facina a tsanake, har na tsaya gaisawa da wani makiyayi, ya ba ni nono na sha. Na sake dubawa, sha ɗaya saura. Ban ma gama fahimta ba sai na jiyo kiran sallar azahar daga nesa.

Innalillahi! Na kara agogon a kunne, shiru. Wallahi ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba. Na haye keken ina taka shi kamar mahaukaci, ina jin ruwa na ƙocal-ƙocal cikin akwatin a bayana. Ina tuƙi ina roƙon Allah ya sa ko ɗan guntun ƙanƙara ya rage.

Na tarar da mata jere a ƙofar gidan mai gari, ƙanwata a gaba, har ta zame wa yaron riga. Na buɗe akwatin, na tsoma hannu. Ruwa ne, har ya yi ɗumi. Da na yi musu allurar haka nan, ba wadda za ta sani, su koma gida suna murna alhali ba abin da zai kare yaran. Na rufe akwatin na ce ba yau ba.

Sai da aka jira sabon magani daga Gusau kafin na koma. Ƙanwata ta tare ni a zaure da yaron a kafaɗa.

"Yaya, jikinshi da zafi tun jiya. Ko haƙori na?"

Na taɓa goshinsa. Idanunsa sun yi ja, hanci na zuba, ga ƙananan ƙurajen kyanda a bayan kunne. Ita kuwa ta kafe ni da ido tana jiran amsa.